Kawu Arzika da Masu Gashin Baki

Duk wanda ya taɓa ba Kawu Arzika ruwa a gidansa ya san abin da ke biyowa. Ba ya sha kai tsaye. Sai ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya rufe ido, ya juya shi dama da hagu kamar mai ciwon haƙori, mai gida na tsaye yana jira. Sannan ya haɗiye, ya yanke hukunci. "Wannan ruwa ya kwana biyu a tulu." Ko kuma, "Jakin da ya ɗauko ruwan nan ya tsaya a rana." In ruwan ya yi masa, sai ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau," kamar wanda ya duba jinjiri. Matan unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda har wanke tulu suke yi in sun ji zai zo gaisuwa.

'Ya'yansa suka ce in rubuta abin da na tuna, tunda na fi kowa zama da shi. Kwana uku na yi ina juya maganar. Karatuna bai wuce firamaren da na yi a gida ba kafin in biyo shi Jidda, kuma ina tsoron in ɗora wa mamaci maganar da bai faɗa ba, a tambaye ni ranar gobe. Saboda haka inda na tabbata zan faɗa, inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba. Kawu, in na ƙara maka ko harafi ɗaya, ka yafe wa Iro.

Ga waɗanda ba su riske shi da ƙarfinsa ba, yayan mahaifiyata ne, mutumin Kabi, ɗan masunta jikan masunta. Da ƙafa ya zo hajji. Ya sauke farali, ya ce ƙafar ta gaji, ya zauna. Duk daɗewarsa a nan, "awo" da "mi" ba su bar bakinsa ba. Aikinsa gadin wani bustan, wato lambun dabino, a bayan gari, na wani tsohon attajiri Balarabe. A tsakiyar bustan ɗin akwai birka, wato babban tafki na siminti da ake tara ruwan rijiya don ban-ruwa. Ruwan na da ɗan gishiri-gishiri, awaki da tsuntsaye ke sha. Kowa ya kalli birkar nan ruwa yake gani. Kawu ya kalle ta ya ce kango ce, gida babu mutane.

Sai ya tafi bakin teku a Ruwais da mayafin matarsa, Goggo Kulu, ya shiga ruwa har gwiwa yana tace 'ya'yan salmani. Kun san salmani, dogon kifin nan fari fat mai wutsiya kamar almakashi. 'Ya'yansa ba su kai allura kauri ba, ido biyu kawai kake gani suna yawo a ruwa. Ya kawo su a garwa, yana ƙara musu ruwan rijiya kaɗan-kaɗan har suka saba, ya juye a birka. Gansakukar da ke ƙasan birkar ita ce abincinsu.

Goggo ta nemi mayafi ta rasa. Da ta same shi, a kan igiya yake, yana ƙarni.

"Malam! Mayafina na zuwa biki?"

"Awo. Shi ya fi ƙananan ido."

"Gidan sauro fa? Shi ba shi da ido?"

"In na kai gidan sauro teku, ke za ki kwana kina yi mini fifita?"

Cikin 'yan shekaru birkar ta cika da salmani kamar damtsen mutum. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, mutanenmu kan hau mota su zo, kowa da ƙugiyarsa da curin ƙullun burodi. Masu ɗinki, masu dako, masu gadi, duk wanda ya yi mako yana jin tsawar wani, nan yake zuwa ya huce. Dokar Kawu ɗaya ce: ka kama, ka ɗaga kowa ya gani, ka mayar. Ya ce ba a kama salmani don ciki, ƙayarsa ta yi yawa. Don kokawa ake kama shi. Wanda ya fi kowa naci shi ne Tela Bashir, haifaffen Jidda, wanda rabin Hausarsa Larabci ce.

To, ga inda na shigo, kuma ba da alheri na shigo ba.

A lokacin ina aikin kuku a gidan wani Bature injiniya. Yana da ɗan tafki a tsakar gida da kifi huɗu da ya zo da su daga ƙasarsu, masu kauri, masu manyan ɓawo, kowane da gashin baki. Larabawa na ce musu shabbut. Da zai koma ƙasarsu, sai ya ce in zubar da ruwan, kifin kuma in yi yadda na ga dama da su.

Yadda na ga dama! Wallahi da ya san irin mutumin da ya faɗa wa haka, da bai faɗa ba. In na watsar da su a yashi, na kashe rai huɗu ba gaira ba dalili. In na ci, ban san me ke cikinsu ba, don na sha ganin yana jefa musu ragowar farantinsa, kuma akwai wani naman gwangwani da yakan buɗe da kansa, wanda ni ko wuƙar ba na taɓawa. Na tambayi malami, ya ce kifi halal ne, je ka ci. Na tambayi wani, ya ce in ajiye su kwana uku a ruwa mai tsabta tukuna. Da na ji amsa ta zama biyu, sai abinci ya daina shiga mini. Teku kuma Baturen ya taɓa ce mini gishirinta kashe su yake yi. Ranar wata Alhamis na zuba su a garwa, na tafi bustan, na jira Kawu ya ta da sallar la'asar, na juye su a birka. Na ce a raina, kifi huɗu a wannan uban ruwa, wa zai sani? Har daɗi na ji, wai na yi aikin lada.

Shekara ba ta cika ba ruwa ya fara sauya launi. A da kana hango ƙasan birka kore shar. Yanzu ya koma kamar kunun kanwa. Ashe masu gashin bakin nan aikinsu ke nan, tonon laka da baki kamar aladu, Allah ya tsare mu. Suka tumɓuke gansakuka kaf, suka hayayyafa. Salmani ya rasa abinci. In an kama ɗaya sai ka ga kai ƙato, jiki kamar tsinke, ko kokawar ba ya yi. Juma'a uku a jere babu wanda ya kama salmani ko ɗaya. Duk ƙugiyar da aka jefa, mai gashin baki ke fitowa yana hamma.

Kawu bai yi dogon bincike ba. Mai bustan yana da ɗa, Hamza, saurayi mai son sababbin abubuwa. Shi ya taɓa kawo zomaye suka cinye shuka. Kawu ya ce aikinsa ne, ya ɗaura gaba da shi. In Hamza ya yi sallama, sai Kawu ya juya ya amsa wa bishiyar dabino, don kada ya bar wajibi.

Nan ne abin ya fi ƙarfina. Kifi na mutuwa saboda ni, na daure. Amma a ƙi bawan Allah a kan laifina? Na rame har matata Rabi ta fara jiƙa mini sassaƙe. Wata uku ina haka. Wata safiya na same shi a bakin birka yana kallon ruwa, na durƙusa.

"Kawu, ina da magana."

"Faɗi."

"Ba Hamza ba ne."

Bai juyo ba. "Wa ne?"

"Ni ne, Kawu." Na kwashe labari duka na faɗa, har da malamai biyu da naman gwangwani.

Na fara karanta abin da na sani. Can ya ce, "Guda nawa?"

"Huɗu."

"Maza ko mata?"

"Kawu, ban duba ba."

"Ai ga shi su sun duba."

Sai ya miƙe, ya kama wuyan hannuna, ni magidanci mai gemu, ya ja ni har inda Hamza ke duba injin rijiya.

"Ya waladi, ka yafe mini. Wata uku ina gaba da kai a kan laifin wannan."

Hamza ya ɗago da mamaki. "Ammi Arzika, gaba kake yi da ni?"

Jama'a, wannan ta fi ƙona wa Kawu rai fiye da kifin. Duk hanyar komawa yana faɗa. "Wata uku! Wata uku ina gaisawa da dabino, yaro bai ma sani ba!"

Na zaci zai kore ni daga bustan. Ina! Kawu ba ya zubar da komai, har mai laifi. Ya ce, "Kai ka ji tsoron kashe huɗu. To, yanzu sun fi ƙarfin ƙirga, kuma ba za a zubar da ko ɗaya ba, don abinci ne. Ci za a yi. Kai za ka fara."

Kun ci, kun san ɗanɗanonsa. Laka ce mai ƙaya. Goggo Kulu ta jiƙa shi a tsamiya, ta shafe shi da yaji, ta matse lemun tsami har hannunta ya yi fari, laka na nan. Ni da Rabi muka ci shi a soye, muka ci a miya, muka ci a gashe. Ranar da na ce cikina na ciwo, Kawu ya aiko da romonsa, wai magani.

Da ya ga cikina ni kaɗai ba zai isa ba, sai ya kafa wa 'yan Juma'a doka. Duk mai son jefa ƙugiya sai ya tafi gida da masu gashin baki biyar, kuma Juma'a mai zuwa ya dawo da ƙasusuwan kawunansu, shaidar an ci.

Tela Bashir ya ce, "Ya ammi, haram alaik! Mu mutanen teku, a ce mu sa wannan a shinkafa? Matata za ta koma gidansu, wallah!"

"In ta tafi, ka samu naka da nata."

Mako ya zagayo, Bashir ya kawo kawuna biyar a takarda, fes. Kawu ya ɗauki ɗaya ya juya a rana.

"Bashir, wa ya ci wannan?"

"Ni da yara, ya ammi."

"Yaranka na da wutsiya?"

"Kef?"

"Kyanwa ta ci wannan. Ga wurin haƙorinta. Mutum ba ya fara kai daga ido ya bar kumatu. Ɗauki goma."

Daga nan abin ya bar bustan ya shigo unguwa. Aka shanya kifi a kan soron Kawu har kyanwowin Hindawiyya suka yi ƙiba suka daina kama ɓera. In aka hango shi da kwando a kai, sai ka ji ana rufe ƙofofi tun daga bakin lungu. Ranar sunan 'yata ta fari, baƙi suka cinye rago suka bar kifinsa ko taɓawa ba su yi ba. Kawu ya tattara shi. Ya ƙunsa shi a takardu, ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙofa ɗaya ce gidan. Har limamin da ya raɗa suna da ƙunshinsa ya fita. Lokacin hajji kuwa, alhazan da suka sauka a gidajenmu kowa ya koma da busasshen kifi a jaka, wai guzuri. An ce wani ya kai nasa har Katsina ya raba wa dangi a matsayin tsarabar ƙasa mai tsarki, suna ci suna sa albarka. Wannan ban gani da idona ba, ji na yi.

Duk da haka haihuwarsu ta fi cinmu sauri. Laka ta fara toshe bututun ban-ruwa. Ran nan mai bustan ya zo da kansa, da sandarsa, ya tsaya ya dubi ruwan.

"Ya Arzika, halas, ya isa haka. Dabinona na jin ƙishirwa saboda kifinka. Akwai magani, a zuba, kwana ɗaya duk su taso. Daga nan kuma babu sauran kifi a birkata, fari ko baƙi."

Kawu ya ce, "Maganin nan, awaki in sun sha fa? Tsuntsaye fa?"

"A tsare su kwana biyu."

"Wa zai gaya wa tsuntsu? Ya sheikh, in za ka zuba, fara zuba mini a shayi, in ya so in na faɗi ka ƙarasa."

Tsohon ya yi dariya, don shi ma ya san halinsa. Ya ba shi wata ɗaya. In ruwa bai washe ba, magani, kuma an gama da zancen salmani har abada.

Kawu ya ce su za a yi, wato kamun kifin gayya irin na Kabi, wanda gari duka ke faɗawa ruwa lokaci ɗaya. Ya zaunar da Tela Bashir suka ɗinka homa, ragar nan mai baki kamar baka da ake riƙewa a hannu. Aka saki ruwa cikin dabino har ya dawo iya ƙugu. Ranar Juma'a mutum wajen talatin suka zo. Matsalar ita ce yawancinsu a nan aka haife su, ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce na wanka ba. Wani ya zo da farar riga a goge. Wani ya zo da laima.

Kafin a shiga, Kawu ya tsaya a bakin birka, ya sunkuya, yana magana da ruwa ƙasa-ƙasa. Na matsa kusa.

"Kawu, wannan ba shirka ba ce?"

"Mi na ce?"

"Ban ji ba."

"Bisimilla na yi, na yi sallama. Gida ne da masu rai a ciki. Kai da ka shiga ba sallama, ka ga abin da ka jawo. Yalla, kai za ka fara sauka."

Na sauka, laka ta kama ni har gwiwa, na fara kalmar shahada. Sauran suka biyo baya. Ya jera mu kafaɗa da kafaɗa daga bango zuwa bango, ya ce mu taka a hankali, homa a ƙasa. Taku biyar aka yi cikin tsari. A na shida wani abu ya goga wa mai laima ƙafa, ya ƙwala ihu, ya haye bayan na kusa da shi, su biyu suka nutse. Wani salmani ya yi tsalle ya haye raga ya mari Tela Bashir a kunci, ji kake fas! Bashir ya dafe fuska yana cewa, "Ni? Ni da nake mayar da ku ruwa kowace Juma'a?" Kawu na bakin birka da sanda yana tsawa. "Ku rufe gefen nan! Kai mai farar riga, rigar ta riga ta mutu, kama kifi!"

Sau huɗu muka ratsa birkar. Kafin rana ta yi sanyi masu gashin baki sun cika kwanduna da buhuna. Salmani kuwa bakwai kacal muka samu da rai. Bakwai, daga abin da ya cika birka. Kawu da kansa ya ɗauke su ɗaya-ɗaya a cikin rigarsa, ya kai su kwamin da awaki ke sha. A wurin nan babu wanda ya yi dariya.

Aka ƙarasa tsiyaye ruwan, aka bar rana ta gasa laka har ta tsage, don ƙwan da suka bari ya mutu. Muka kwashe lakar muka zuba a gindin dabino. Aka cika birka da sabon ruwa, aka mayar da salmanin nan bakwai. Mai bustan ya zo, ya hango ƙasa tar, ya ce, "Tayyib," ya koma motarsa. Kifin da aka kama kuwa, kada ku tambaye ni. Unguwa ta yi wata biyu tana ci.

Da gansakuka ta dawo, muka tafi Ruwais neman 'ya'yan salmani. A lokacin gwiwar Kawu ta fara ba shi wahala, ba ya iya tsayuwa a ruwa. Ni na shiga. Ni da ko a kwale-kwale ban yarda da teku ba. Yana zaune a kan dutse yana nuna mini da sanda, ina jan yadi a ruwa, ina duban abin da ba ya ganuwa. Safiya tara muka yi muna zuwa. Kullum in na kawo garwa sai ya leƙa ya ce, "Saura."

Sai jira. Ya hana jefa ƙugiya fiye da shekara. 'Yan Juma'a na zuwa su sha shayi su kalli ruwa su koma. Ni kuwa kullum ina zagaya birka ina duba ko wani mai gashin baki ya tsira, har na fara ganinsu a inuwar ganye.

Ranar da ya ba da izini, Tela Bashir ya fara jefawa. Ba a daɗe ba zare ya miƙe, ya yi ƙara. Sai ga shi ya fito daga ruwa gaba ɗayansa, fari, mai ƙiba, yana walƙiya a rana. Ya faɗa, ya sake tashi. Bashir na gudu a bakin birka yana kiran sunan Allah da Larabci da Hausa. A tashi na uku zare ya tsinke, Bashir ya zauna daɓas a ƙasa.

Kawu ya miƙe tsaye ba tare da sanda ba. Kifin yake wa kirari, ba Bashir ba. "Haka nake so! Namiji! Tafi da ƙugiyar, na ba ka!" Yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Sai ya jawo ni kusa.

"Iro, ka ga wannan? Kai ka tato shi daga teku."

Na ce, "Kawu, ba mu tabbata ba. Wataƙila cikin bakwai ɗin nan ne."

"Rufe mini baki. Na ce kai ne."

Na rufe. Tun ranar da na durƙusa a gabansa bai taɓa ce mini ya yafe ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba. A ranar na daina bukatar tambaya.

Bai ƙara shekara biyu ba Allah ya karɓi abinsa, bayan gajeriyar jinya, a ɗakinsa na Hindawiyya. Salmani na nan a birka, 'yan Juma'a na zuwa, har da 'ya'yan waɗanda suka nutse a laka ranar da aka yi su.

Ya Allah, bawanka Arzika ya zo ɗakinka da ƙafa, ya zauna a maƙwabtaka da shi har ya mutu. Bai yarda a cuci tsuntsu ba, bai yarda a wulaƙanta abinci ba, ya kuma ɗauki nauyin wautar ɗan ƙanwarsa bai kore shi ba. Ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini. Ka sanyaya kabarinsa, ka shayar da shi daga tafkin Alkausara, mu ma ka kai mu mu same shi a bakinsa. Amin.